Me ya sa na'urar MP3 ke daina ɗaukar caji bayan an jona ta da kwamfuta?

Kwamfuta ce ke kashe na'urar, ko dama da matsalar a kwance, jonawar ce kawai ta tono ta? Masu ƙananan na'urorin sauraro, irin su MP3 da MP4 da iPod da Walkman, sun daɗe suna wannan tambaya, kuma kokensu kusan iri ɗaya ne. Na'ura tana aiki lafiya lau, an jona ta da kwamfuta don a zuba mata karatu ko wa'azi ko waƙa, an cire, daga nan ta ƙi ɗaukar caji. Wani ya ce bairos ne ya shige ta, wani ya ce wutar kwamfuta ce ta ƙona ta, mai gyara kuma tun kafin ya duba ya ce batir ne ya mutu.

A mafi yawan lokuta babu abin da ya ƙone. Ko dai manhajar cikin na'urar ce ta maƙale, ko batirin ne ya zuƙe ya yi ƙasa fiye da kima, kuma duka biyun ana magance su a gida ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba. Asarar da mutane ke yi ta fi zuwa daga gaggawa: a goge duk abin da ke ciki, ko a ɓalle murfi, alhali abin da ake bukata bai wuce riƙe maɓalli na daƙiƙa 20 ba.

Kafar kwamfuta daban, cajar bango daban

A cikin kebul ɗin USB na gargajiya akwai wayoyi huɗu. Ja tana ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 5, baƙa ita ce ta dawowa, fara da koriya kuma su ke ɗaukar bayanai. Cajar bango wuta kawai take bayarwa. A ƙa'idar cajin batir ta USB, wadda aka fitar da bugunta na 1.2 a shekarar 2010, cajar bango tana haɗe wayoyin bayanan nan biyu a cikinta, na'ura kuma da ta ga haka ta san cewa caja ce, ta ja wutar da take bukata kai tsaye.

Kwamfuta kuwa kamar mai shago take, ba a ɗaukar kaya sai an yi ciniki. Da zarar an jona na'ura, ƙa'idar USB 2.0 ta yarje mata 100 mA ne kacal (mA ma'aunin yawan wuta ne, 1000 mA shi ne amfiya 1), har sai ta gabatar da kanta ga kwamfutar, ta faɗi ko ita mece ce da yawan wutar da take so. Idan an daidaita, sai a ba ta har 500 mA. A kafar USB 3.0, wadda galibi cikinta shuɗi ne, ana farawa da 150 mA a kai har 900 mA. Idan kuma kwamfutar ta yi barci ko ta dakatar da kafar, abin da ƙa'ida ta yarda na'ura ta ja bai wuce 2.5 mA ba, wanda ba ya cajin komai.

Abin lura a nan shi ne, galibi na'urar ce da kanta take bin wannan ƙa'ida, tana taƙaita abin da take ja. Ke nan a yawancin na'urori masu inganci, manhajar ciki tana da hannu a yawan wutar da ke shiga batir. Idan manhajar ta rikice a tsakiyar ciniki, tana iya tsayawa a kan ƙaramar wuta ko ta rufe caji gaba ɗaya, kuma ta ci gaba da zama a haka ko bayan an cire ta daga kwamfutar.

Hanyoyin da jonawar ke jawo matsala

Ta farko ita ce maƙalewar manhaja. Idan aka jona na'ura, tana barin aikinta na kunna sauti ta koma ma'ajiyar fayil. Idan aka fizge kebul ba tare da an sallame ta daga kwamfutar ba, wato Eject, ko wuta ta ɗauke kwamfutar ta mutu, wani lokaci ba ta komawa hayyacinta. Fuskar ta yi baƙi, maɓallai ba sa amsawa, mai ita ya ɗauka a kashe take, alhali a kunne take tana cin batir a ɓoye har ya ƙare.

Ta biyu ita ce zuƙewar batir. Mutum ya jona na'ura da dare da niyyar ta cika kafin safe, bayan ɗan lokaci kwamfutar ta yi barci, ko an rufe murfin laftof, ko an ɗauke wuta. Kafar ta daina bayarwa, na'urar kuma tana nan a farke tana jiran umarni. Da safe a tarar da ita ta fi yadda aka sa ta rauni. A inda wutar lantarki ba ta zama, wannan ya fi komai yawan faruwa ga masu kwamfutar tebur.

Ta uku, lalacewar tsarin fayil. Akasarin waɗannan na'urori suna amfani da tsarin FAT32, wanda ba ya jure a katse shi yana tsakiyar rubutu. Bayan an cire su daga kwamfuta sukan tsaya su sabunta jerin waƙoƙi, kuma fayil ɗaya da ya shiga rabi da rabi ya isa ya tsayar da su a nan, su yi ta mutuwa suna tashi.

Ta huɗu ba ta da alaƙa da kwamfutar sai ta wajen hannu: an tura kebul a karkace, ko an bar na'urar tana lilo a jikin kebul, dalmar da ta riƙe bakin cajin a jikin fanel, wato allon kayan lantarki na ciki, ta tsage.

Fara da sake tayar da ita

Kafin a taɓa komai, a cire katin memori idan akwai, a cire iyafis, sannan a tilasta wa na'urar ta sake tashi. Wannan ba ya goge fayil ko ɗaya.

A iPod mai zagayen dannawa, irin su classic da tsofaffin nano, a tura makullin Hold a dawo da shi, sannan a danne Menu da maɓallin tsakiya tare, na daƙiƙa 6 zuwa 10, har tambarin Apple ya fito. A Sansa Clip da danginta na kamfanin SanDisk, a riƙe maɓallin kunnawa na kimanin daƙiƙa 20, a saki, a sake dannawa. Tsofaffin Walkman na Sony suna da ɗan rami a baya da aka rubuta RESET, a sa bakin allura ko tsinke a danna a hankali. Ƙananan MP3 da MP4 marasa suna ma yawanci suna da irin wannan rami, sai dai a kula kada a ɗauki ramin makirufo a matsayinsa, domin sukan yi kama, kuma allura tana huda makirufo.

Akwai wani abu da ke ruɗar mutane sosai a kan waɗannan marasa sunan. Da yawansu suna da ɗan makunni na turawa mai ON da OFF, wanda yake yanke batir ɗungurungum. Idan yana kan OFF aka jona, fuskar za ta kawo haske, kwamfuta za ta gan ta, har fayil za a tura, amma wuta ba ta shiga batir. A mayar da shi ON kafin a sa caji.

Idan batir ya yi ƙasa da yawa

Batirin lithium na waɗannan na'urori ana rubuta masa bolt 3.7. Idan ya cika yana kai wa 4.2, na'ura kuma takan kashe kanta idan ya sauko wajen 3.0 zuwa 3.3. A jikin batirin akwai ɗan fanel na kariya da ke yanke shi gaba ɗaya idan ya faɗo wajen 2.4 ko 2.5, don kada ya lalace. Na'urar da ta maƙale a kunne ba ta kashe kanta a kan lokaci, shi ya sa take iya jan batir har wannan iyaka.

Batirin da ya yi ƙasa haka ba a ɗura masa wuta da ƙarfi. IC ɗin caji, wato ɗan ƙaramin ɓangaren da ke sarrafa shigar wuta batir, yana farawa da kusan kashi ɗaya cikin goma na wutar da ya saba bayarwa, har sai batirin ya hau wajen bolt 3, sannan ya buɗe sosai. Idan na'urar ta saba caji da 300 mA, a wannan mataki 30 mA kawai ke shiga. A tsawon wannan lokaci fuskar tana iya zama baƙi ƙirin, babu alamar caji, babu fitila. Nan ne mutane suke yanke ƙauna: a sa minti biyar, a ga shiru, a cire, a gwada wata caja, a sake cirewa. Kowace cirewa tana mayar da hannun agogo baya.

Abin yi shi ne a sa ta a cajar bango mai bolt 5, mai 500 mA zuwa amfiya 1, a bar ta minti 30 zuwa awa ɗaya ba tare da an taɓa ta ba. Bayan nan a sake tayar da ita tana jone da cajar, a ƙara mata awa biyu ko uku. Caja mai amfiya 2 ba ta cutarwa, domin na'ura abin da take bukata kawai take ja. Abin da ake gudu shi ne caja marar kyau da bolt ɗinta ke hawa yana sauka.

Dalilin da ya sa ba a so a yi wannan farfaɗowa a jikin kwamfuta shi ne, na'urar da batirinta ya mutu ba ta da ƙarfin tashi ta yi ciniki. Tana samun ɗan caji ta yunƙura ta tashi, tashin ya cinye abin da ta tara, ta sake mutuwa. iPod classic ta fi kowa fama da haka, saboda faifan ajiyarta mai juyawa ne kuma yana jan wuta da yawa lokacin tashi. Takan nuna saƙon cewa batir ya yi ƙasa ƙwarai a jira, ko tambarin Apple ya yi ta fitowa yana ɓacewa. Cajar bango ce ke fitar da ita daga wannan kewaye.

Zafi ma yana da nasa. Ana cajin batirin lithium tsakanin digiri 0 da 45 a ma'aunin Salshiyas, kuma na'urori masu kyau suna dakatar da caji da kansu idan sun wuce haka. Na'urar da aka ajiye a bakin mafitar iskar laftof a watan Afrilu, ko a gaban mota cikin rana, tana iya ƙin caji ba don ta lalace ba. A kai ta inuwa ta huce tukuna.

Kebul da bakin caji

A gwada wani kebul da aka tabbatar yana cajin wata na'urar kuma yana tura fayil. Akwai kebul na caji zalla, wanda babu wayoyin bayanai a cikinsa, kuma na'urar da ke jiran ta yi magana da kwamfuta kafin ta ja wuta ba za ta gamsu da shi ba. Kebul siriri mai tsawo kuma yana zubar da ƙarfi a hanya. Ƙa'idar USB 2.0 ta asali ta ce wutar USB ta tsaya tsakanin bolt 4.75 da 5.25, kuma idan abin da ya isa na'urar ya yi ƙasa da haka sosai, caji yana tafiyar hawainiya ko ya tsaya.

Sababbin na'urori masu arha da ke da bakin USB-C suna da wata matsala ta daban. Domin caja ko kwamfuta mai USB-C ta saki wuta, sai ta ga rasista, wato ɗan ƙaramin abu mai rage gudun wuta, mai 5.1 kΩ a kan filoginta na tantancewa a cikin na'urar. Masu ƙera kayan arha sukan bar wannan rasista. Sakamakon haka, na'urar ba ta caji da kebul mai kan C a ɓangarorin biyu, amma tana yi da kebul mai faffaɗan kan USB na da a gefe ɗaya. Wanda ya sauya kebul ranar da ya jona ta da sabuwar laftof zai rantse laftof ɗin ce ta kashe ta, alhali komawa tsohon kebul ya wadatar.

Sai a haska tocila cikin bakin cajin. Ƙurar hunturu da zaren aljihu suna dunƙulewa a ƙasan ramin su hana kan kebul kaiwa ƙarshe. A kashe na'urar, a sa tsinken sakace na itace a yaye dattin a hankali, ba allura ko wani ƙarfe ba. Idan akwai tsatsa kore, a ɗan jiƙa burushi da sinadarin isopropyl mai ƙarfin kashi 90 ko sama, a goge, a bari ya bushe sarai. Idan kuma caji yana zuwa yana ɗaukewa duk lokacin da aka motsa kebul, kuma an sauya kebul bai daina ba, dalmar bakin ce ta saki. Wannan aikin mai gyara ne, kuma ƙaramin aiki ne.

Masu tsofaffin iPod su san wannan: samfurin ƙarni na uku na 2003 yana tura waƙa ta USB amma ba ya caji sai ta FireWire, wata kafa ta daban da USB, mai bolt 12. Daga iPod nano ta huɗu da iPod touch ta biyu, na shekarar 2008, lamarin ya juye, suka daina karɓar cajin FireWire. Ban da haka, na'urorin Apple da dama suna neman wani takamaiman ƙarfin wuta a kan wayoyin bayanai kafin su yarda da caja, shi ya sa wata cajar ke yi wa kowace waya aiki amma iPod ta ƙi ta.

Idan a bango tana caji, a kwamfuta ba ta yi

To lafiyar na'urar ƙalau, gyaran yana wajen kwamfuta. A jona ta kai tsaye, ba ta mahaɗar USB marar wutar kanta ba, ba kuma ta jikin kibod ba, domin irin waɗannan 100 mA kawai ƙa'ida ta ba kowace kafarsu. A kwamfutar tebur a fi son kafofin baya, waɗanda ke manne da babban fanel.

A Windows, a buɗe Device Manager, a shiga Universal Serial Bus controllers, a buɗe kowane USB Root Hub, a je Power Management, a cire alamar da ta ba kwamfuta damar kashe kafar don tanadin wuta. A cikin Power Options kuma a kashe USB selective suspend. Idan Windows tana cewa ba ta gane na'urar ba, ko ta nuna lambar kuskure 43, a cire sunan na'urar daga Device Manager, a zare kebul, a sake kunna kwamfutar, sannan a jona. Na'urorin da ke da zaɓi tsakanin hanyoyin haɗuwa da kwamfuta guda biyu, MTP da MSC, kamar Sansa, a sa su a MSC, wato su bayyana kamar filashi, domin ya fi sauƙin ganewa.

Idan Windows ta yi gargaɗin cewa an ja wuta fiye da kima a kafar, a cire nan take. Kafar tana da fiyus mai gyara kansa, yakan dawo bayan an kashe kwamfutar na ɗan lokaci, amma gargaɗin yana nufin akwai wayoyin da ke taɓa juna a kebul ko a bakin na'urar.

Maganar bairos da maganar ƙonewa

Bairos na Windows ba ya aiki a kan ƙwaƙwalwar ƙaramar MP3, don haka ba shi da ikon rufe mata caji. Abin da yake yi, musamman irin wanda ake kwasowa a kwamfutocin masu tura waƙa da karatu a kasuwa, shi ne ɓoye manyan fayil ya bar gajerun hanyoyi na bogi, ko ya cika ma'ajiya da tarkace. Hakan na iya sa na'ura ta maƙale wajen tashi, maƙalewar kuma ta cinye batir. Masu zargin bairos suna da ɗan gaskiya ta wannan fuska, sai dai maganin da suke bayarwa, wato a goge komai, ya yi tsauri a matakin farko.

Tsarin da ya fi shi ne, bayan batir ya farfaɗo, a jona na'urar, a kwafe duk abin da ke ciki zuwa kwamfuta, musamman sautin da mutum ya naɗa da kansa wanda ba shi da kwafi a ko'ina. Sannan a gudanar da chkdsk, umarnin Windows na duba ma'ajiya, tare da /f a kan harafin na'urar don a gyara tsarin fayil. Idan bai yi ba, a goge ta daga cikin saitinta, domin ita ta san tsarin da take so. Sake ɗora manhaja, wanda masu gyara ke kira filashin, shi ne na ƙarshe. Ba a yin sa sai batir ya haura rabi, kuma da fayil ɗin ainihin samfurin, domin manhajar wani samfuri ko yankewar wuta a tsakiya na iya kashe na'urar har abada. A iPod, zaɓin Restore yana share komai, a san da haka kafin a danna.

Ƙonewa ta gaskiya tana faruwa, amma ba ta da yawa. Inda aka fi samunta shi ne kwamfutar tebur da aka harhaɗa aka juya wayoyin kafofin gaba, ko mai lalataccen akwatin wuta, ko wadda babu wayar ƙasa a soket ɗinta har jikinta yana ɗan jan mutum. Alamunta ba sa ɓuya: ƙaurin ƙuna, zafi mai tsanani kusa da bakin caji cikin daƙiƙoƙi, ko kuma filashi da sauran kayan da aka sa a wannan kafar su ma sun mutu. Mitar auna wuta tana raba gardama, a auna kafar a ga ko bolt 5 take bayarwa kuma ba a juye ba.

Lokacin zuwa wurin mai gyara

Idan an sake tayarwa, an bar ta awanni a cajar bango mai kyau, an sauya kebul, an share baki, kuma shiru, to saura abu uku: batir, bakin caji, ko IC ɗin caji. Farashinsu ya bambanta ƙwarai, don haka a nemi mai gyara ya auna a gaban mai kaya kafin ya yanke hukunci. Ya fara duba ko bolt 5 yana isa fanel daga bakin caji. Idan ba ya isa, bakin ne. Idan yana isa, ya auna ƙafafun batir yayin da caja ke jone. Lambar da ke hawa a hankali tana nuna caji na tafiya. Lambar da ta yi tsalle zuwa 4.2 nan da nan, ta kuma faɗi da zarar an cire caja, tana nuna batirin ya tsufa. Idan wuta tana shiga fanel amma ba ta kai wa ga batir, IC ne, kuma a ƙaramar na'ura mai arha kuɗin gyaransa kan kusanci kuɗin sabuwa.

Masu rediyon memori da ƙananan na'urorin karatu masu batirin BL-5C, irin na tsofaffin wayoyin Nokia, sun huta da wannan wahala: a zare batirin a sa wani mai caji, nan take a gane inda matsalar take.

Akwai abin da wasu masu gyara ke yi na ɗana wa batir wuta kai tsaye don ya farka. Idan za a yi, sai da na'urar ba da wuta mai iyakance ƙarfi, a kan bolt 4.2 da ƙaramar wuta, ba da tsirarar wayar caja mai bolt 5 ba. Batirin da ya daɗe ƙasa da bolt 2 ba abin farfaɗowa ba ne, sauya shi ake yi. Haka wanda ya kumbura har ya ɗaga murfi ko ya turo fuskar na'urar: kada a sake sa shi a caji, kada a danna shi, kada a huda shi, domin yana iya kamawa da wuta. Sabon da za a sa ya zama mai bolt 3.7, mai fanel ɗin kariya a jikinsa, girmansa daidai da ramin, kuma idan tsohon mai waya uku ne a nemo mai waya uku, domin ta ukun ita ce ke sanar da na'urar zafin batir, kuma wasu na'urorin ba sa fara caji idan ba su ji ta ba.